Farautar Lokalhos

Wani ne yake kula da shafin intanet na wani ɗan kamfani. Saba ma, wato na'urar da shafin yake zaune a kanta, ita ce kwamfutar da ke kan teburinsa. Rannan manaja ya leƙo, fuska a murtuke.

"Shafin nan ya yi nauyi. Wani ne yake damun mu. Ka nemo min shi kafin Juma'a, ko in nemo wanda zai iya."

"An gama, ranka ya daɗe."

Gogan naka ya zauna ya rubuta 'yan layukan umarni a saba, cewa duk kwamfutar da ta buɗe shafin a rubuta sunanta. Ya buɗe shafin ya gwada. Sai ga suna ya fito: Lokalhos.

"Lokalhos? Daga jin sunan nan ba ɗan arziki ba ne."

Ya sake buɗewa ya ga ko ya tafi. Lokalhos. Ya ƙara. Lokalhos. Kafin a tashi aiki mutumin ya shigo sau ɗari huɗu.

Washegari ya haɗa wata dabara, kwamfutarsa ta riƙa leƙa shafin duk daƙiƙa tana yi masa gadi. Kafin azahar Lokalhos ya shigo sau dubu goma sha takwas. Shafin ya koma rarrafe.

Ya ruga ofishin manaja yana haki.

"Ranka ya daɗe, ba mutum ɗaya ba ne, ƙungiya ce! Kuma suna da ɗan leƙen asiri a nan. Ina kashe kwamfuta in fita cin abinci, su ma sai su tsaya!"

"Wa kake zargi?"

"Mai gadi. Kallon da yake min bai yi min ba."

Aka kira mai gadi. Ya rantse shi ko wayarsa ma 'yarsa ce take saka masa lamba.

Gogan ya koma ya ce yau za a yi ta ta ƙare. Ya toshe Lokalhos, ya miƙe ƙafa, ya buɗe shafin don ya ga aikinsa. Allo ya ce ba shi da izinin shiga.

"Jama'a, ya rama! Ya kore ni daga shafina!"

Wata tsohuwar ma'aikaciya da ke gyaran na'urori ta taso, ta gyara tabarau, ta duba allon.

"Ɗana, ka san ma'anar Lokalhos kuwa?"

"Sunan ɓarawo ne, Inna."

"Sunan da kwamfuta take kiran kanta da shi ne. Wannan da ke gabanka. Kai ne."

Mai gadi ya yi gyaran murya. Manaja ya dafe kai.

"Wato kwana biyu kana farautar kanka da albashina?"

Gogan ya sosa ƙeya.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma a yi adalci, wa ya kama shi?"