Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya cike da baƙin ciki, da idanu da suka yi jajir, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar ɗakin bincikenmu, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha huɗu, saura kwana tara in kare kundin digirina na uku.

Ga wanda bai san hidimar marigayiyar ba, aikinmu shi ne a gwara cibiyar ƙwayar zarra ta dalma, mai cunkushe da ƙwayoyi, da 'yar uwarta, a ƙirga ƙananan ƙwayoyin da suka tarwatso. Sai a kwatanta da karon ƙwayoyi biyu tak da ake kira furoton, su da ba su da wani cunkoso, don a gane nawa cunkoson dalmar ya haɗiye. In babu na furoton, na dalma lissafi ne kawai da ba a san ko yawa ya yi ko kaɗan ba.

Sakamakon dalma shi ne ɗan gata. Kwafi uku muka yi masa, ɗaya ma a jakar Farfesa mai duba aikina yake kwana. Na furoton kuwa, wanda na shafe wata takwas ina tacewa, Gwaggo kaɗai muka bar wa. Da na kawo maganar kwafi, Farfesa, mai hangen nesa, ya ce, "Haba kai kuwa, na furoton ai kowa yana da shi." Mun bincika tun ranar Talata. Ba kowa.

An shaidi marigayiyar da haƙuri. Abokin bincikena ya mai da kanta wurin ajiye kofin shayi, Farfesa ya mai da ita matashin ƙafa, ba ta taɓa kai ƙara ba. In an tashe ta sai ta ce "ƙirrr", ta yi minti goma tana miƙa, sannan ta kama aiki. A watan jiya ta ƙara da "ƙas, ƙas, ƙas". Mu da muke jin motsin abin da ido ba ya gani, muka saurara, muka yanke cewa ƙura ce, muka hura mata iska.

Ta rasu ta bar Farfesa, wanda yanzu bai tuna ya faɗi komai ba. Ta bar kwafi uku na dalma cikin ƙoshin lafiya, ba su da amfanin ko sisi. Ta bar matata, da ta shekara uku tana jin "saura kaɗan". Ta kuma bar ni, da babi na biyar mai kanu ba ciki. Wallahi na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis da safe zuwa teburin mai gyara, wanda ya riga ya girgiza kai tun ta waya. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin bincike. Masu niyyar tambayar "ba ka yi kwafi ba?" su huta a gida, an yafe musu. Abin da iyalan mamaciyar ke nema shi ne mutum ɗaya mai ƙarfin hali da zai je ya yi wa mahaifiyata bayani. Tun bara take kirana Dakta a gaban maƙwabta, ta kuma riga ta ɗinka kayan da za ta sa ranar bikin karɓar digirin.