Kunun da Ya Ƙi Fitowa

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikar Hajiya Asabe ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. Allah ya jiƙan Asabe. Aminiyata ce tun muna da ƙarfin ɗaukar dilar atamfa a ka, rumfarta na jikin tawa a kasuwa, gidanta kuma lungu biyu ne daga nawa a nan Zongo. A gidanta na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma da hannuna na dama ta.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce a lokacin. Ban yi makaranta ba, amma babu biki ko suna da za a yi a unguwar nan ba a shimfiɗa mini tabarma kusa da madafa ba. Ni ce mai duba tukunya. In na ɗaga murfi na yi shiru, mai girkin sai gumi ya karyo mata. Gishiri ya yi yawa, ni zan faɗa. Kunu ya yi gudaji, ni zan ɗaga ludayi in nuna wa kowa. (Akwai wadda har yau in ta hango ni sai ta sake hanya, ga ta da jikoki.)

Kuma Allah ya ba ni jiki. Ɗan zemijan, mai babur ɗin haya, in ya ga na ɗaga hannu sai ya yi kamar ana kiransa a wancan titin. Ban damu ba, don a zamaninmu ƙiba mutunci ce, mace in ta cika ƙofa an san tana cikin rufin asiri. Sai ciwon suga ya zo, gwiwoyi suka ƙi, har ta kai ina salla a kan kujera. 'Yata Rabi, wadda ke aikin jinya a Faransa, ta yi ta kuka a waya har na yarda na je. Can aka yi mini aiki, aka rage mini tumbi, aka bar ɗan abin da bai wuce ayaba ba.

Da na dawo ban gaya wa kowa ba, har Asabe. Yaya za a yi macen da ta shekara talatin tana yi wa 'yan mata faɗan haɗama ta ce sai da aka sa wuƙa kafin ta rage ci? Na ce gwiwa aka duba mini, ramar kuwa abincin Turawa ne ba ya ciyuwa. Zanena ya fara zagaye ni sau biyu, mutane na kallo, ni ina haɗe fuska don kada a tambaya.

Abin da ba a gaya mini da kyau ba kafin aikin shi ne, in shiga ta ragu, fita ma takan yi yaji. Loma uku na ƙoshi, ruwa sai da kurɓi, ga ƙwayar ƙarin jini da nake sha. Sai in yi kwana biyar, shida, ina shiga bayi da buta ina fitowa da buta, babu labari. Rabi ta aiko mini da wani gari a gwangwani, mai kama da dusa, ta ce ɓawon wani iri ne da ke tausasa ciki. Ta yi mini bayani a waya kamar tana karanta wa ƙaramin yaro:

"Inna, rabin cokali za ki fara, in kin saba ki kai ɗaya. Ki dama a kofi cike da ruwa, ki shanye a lokacin, kada ki ajiye. Kuma ki wuni kina kurɓar ruwa, in ba haka ba ya ƙara toshe ki."

Na ce na ji. Na kuwa ji daɗinsa, cikin mako guda na koma mutum. Amma dalilin "kada ki ajiye" ban tambaya ba. Ni da ake tambaya, ina ni ina tambayar 'yar da na goya?

To, Mariya 'yar Asabe ta haihu, haihuwar fari, ta dawo gida wanka. Ana gobe suna Asabe ta ja ni gefe ta ce yarinyar tun da ta haihu ba ta zagaya ba, tana tsoron ɗinki, tana ta murƙususu. Tausayi ya kama ni, don na san wannan azaba ciki da waje. Ga magani a ƙasan akwatina. Amma in na fito da gwangwani mai rubutun Turawa, Asabe za ta ce ina na samo, me ya same ni da nake sha. Sai dabara ta zo mini. Dama ni ke dama wa maijego kunun kanwa ranar suna, al'adarmu ce da ita tun haihuwar 'ya'yanmu. In zuba a ciki, yarinya ta samu sauƙi, asirina ya zauna a rufe.

Da asuba na dama kunu na gani na faɗa, gero mai kyau, yaji ya ji. Na tsaya da gwangwani ina lissafi irin nawa: ni mai tumbi kamar ayaba cokali ɗaya nake sha, to yarinya mai cikakken ciki, ga kunu cike da tarmos, filas ɗin nan mai faɗin baki? Na ɗebi ludayi na zuba. Na ga kamar na yi rowa, na ƙara rabi. Na juya, na toshe, na yi wanka na tafi.

Kafin a raɗa suna, a raba goro, maza su watse, a gama gaishe-gaishe, hantsi ya yi nisa. Ɗakin maijego ya cika da mata. Dangin miji sun zo daga Abomey-Calavi, uwar mijin, Hajiya Zinatu, na zaune a bakin gado riƙe da jaririya. Su ma sun zo da kunu, 'yarta ce ta dama. Da ma na kama bakina! Ina. Na miƙa hannu na ɗaga murfin, na zuba ludayi daga sama, na girgiza kai.

"Wannan kunu ne ko ruwan wankin gero? Yarinya, maijego za ki ba wa ko kaji? Ku 'yan zamani komai a gaggauce. Kawo kwano ki ga yadda ake yi."

Fuskar Hajiya Zinatu ta canja. Aka ajiye kwano a tsakiyar ɗaki. Na buɗe tarmos, na karkata.

Shiru. Ko ɗigo.

Na ƙara karkatawa har ya kife. Babu. Asabe ta ce, "Ke 'yar nan, ko fanko kika ɗauko?" Na ce da nauyinsa. Na girgiza, na bugi gindinsa da tafin hannu sau biyu. A na uku sai na ji wani irin ɓuluƙ, abu ya sulluɓo gaba ɗayansa ya dira a kwano. Bai baje ba. Ya tsaya a tsaye da siffar tarmos ɗin, yana sheƙi, yana rawa kamar cinyata ta da.

Wata ta ce, "Innalillahi." Wata ta ja ɗanta baya. Hajiya Zinatu ta ƙara rungume jaririya, ta dube ni, murya a sanyaye ta ce:

"Hajiya, shekarata sittin ina ganin kunun kanwa, ban taɓa ganin mai tsayuwa da ƙafarsa ba. Me aka sa wa matar ɗana a ciki?"

Kun san abin da wannan tambaya take nufi a ɗakin maijego. Ba zancen girki ba ne kuma. Na ce ba komai, gero ne ya yi ƙarfi. Ta ce, "To bismilla, ki fara." Na sa cokali, cokali ya dawo. Na danna, da na ɗaga sai duk dunƙulen ya biyo ni sama. Na dubi Asabe. Ba tsoro na gani a idonta ba, roƙo ne, wai in faɗi wani abu kafin surukanta su fita da labarin cewa a gidanta ake barbaɗe. Ko in rasa asirina, ko ita ta rasa mutuncin gidanta.

Na ajiye cokali na ce, "Maganin bayan gida ne. Nawa ne. A Faransa ba gwiwa aka duba ba, tumbina aka yanke don ƙiba za ta kashe ni. Tun daga nan sai in yi kwana shida ban zagaya ba, sai da garin nan. Na ji Mariya na fama, na zuba mata, na ji kunyar faɗa."

Ni, a gaban 'yan matan da nake wa faɗa, ina ƙirga kwanakin bayan gidana.

Mariya ce ta fara fashewa da dariya, tana riƙe ciki tana cewa, "Wayyo ɗinkina, Gwaggo ki yi mini rai!" Ɗaki ya ɗauka. Yarinyar da na kushe wa kunu ta durƙusa da ladabi ta ce, "Gwaggo, a kawo wuƙa ne ko a haka ake gutsura?" Har Hajiya Zinatu sai da ta rufe baki da mayafi.

Asabe kaɗai ba ta yi dariya ba. Kuka take. Ta kai mini duka a kafaɗa ta ce, "Muguwa! Wata takwas ina ganin kina narkewa, kina ture tuwona. Na zaci ciwon nan ne da ba a faɗa. Kullum Juma'a sai na yi miki sadakar ƙosai a ɓoye, ashe ke kashi ne ya hana ki sakewa!"

Wannan ta fi kunun ƙona ni. Ina can ina gadin girmana, ita tana nan tana shirin rasa ni.

Mariya dai kunun dangin miji ta sha, mai ruwan nan, kuma ya yi mata daɗi. Garin kuwa sai da aka tambayi unguwarzoma ta asibiti, ta ce rabin cokali, aka dama mata a kofi ta shanye a take.

Abin da na koya bai da yawa. Magani ba a yi wa mutum shi a ɓoye, kuma in an ce maka kada ka ajiye abu, ka sauke girman kai ka tambayi dalili. Sirrin da na yi wata takwas ina dannewa, da na gaya wa mace ɗaya a ɗaka da ya wuce salin alin. Na ƙi, sai na sanar da shi ga mata talatin, da shaida a tsaye cikin kwano.