Yadda Za Ka Lallashi Alƙaluma Su Yarda Da Farfesa

"Ranka ya daɗe, alƙaluman ne suka ƙi."

"Suka ƙi?" Farfesa ya sauke tabarau zuwa karan hanci. "Tun kana rarrafe nake koyar da cewa kwastoma ya fi farin ciki idan banki ya rufe reshe ya mayar da shi waya. Yau kai da kwamfutarka mai fasasshiyar fuska za ku ƙaryata ni? Koma ka yi musu magana."

Wanda aka kora ɗin nan Mai Jaka ne, ɗalibin digiri na biyu a fannin banki da hada-hadar kuɗi. Akwai wata da yake kira Sanyin Ido, wadda mahaifinta ya ce babu maganar aure sai ya gama karatu, karatu kuma ba ya ƙarewa sai Farfesa ya sa hannu a kundi. A bakin ƙofar ofishin Farfesa na tsince shi, ido ya yi ja, na ɗora shi a hanya. Kai ma, ɗan'uwa mai bincike, bi matakan nan. Na lamunce maka sa hannu, ko da kundinka da gaskiya ba su taɓa gaisawa ba.

1. Fara daga amsa

Sabon shiga ne ke farawa da tambaya. Kai nemo maƙalar da Farfesa ya rubuta tun yana da gashi, ka karanta sakin layi na ƙarshe. To, ga sakamakon bincikenka nan. Sauran shafukan duk 'yan rakiya ne. Ka riƙa yayyafa sunansa a kowane shafi kamar gishiri, domin babu kiɗan da ya kai sunan mutum daɗi a kunnensa.

2. Shiga banki, amma kada ka saurari kowa

A nan Mai Jaka ya fara ɓata. Ya zauna a kujerun ƙarfen nan masu sanyi, ya ji wani tsohon malamin makaranta da na'ura ta haɗiye wa kati, ya ji wata mai shago da waya ta ce mata kuɗi sun tafi alhali ba su isa ko'ina ba. Zuciyarsa ta karye, ya rubuta komai. Kuskure! Wuce layin nan kai tsaye zuwa ofishin manaja, inda iska ke da sanyi. Tambaye shi ko kwastomomi suna jin daɗi. Zai ce, "Sosai ma." Rubuta: majiya mai tushe ta tabbatar.

3. Kori masu ɓata sahu

Idan har ka riga ka saurari mutane, to sai tankaɗe. Cire tsofaffi, domin ba su fahimci tambayar ba. Cire masu ƙaramar waya. Cire mazauna unguwannin da sabis ke ɗaukewa. A kimiyyance ana kiran waɗannan "waɗanda suka fita daga sahu", kuma babu zunubi a share su.

Kada ka ji tausayin dangi. Mahaifiyar Mai Jaka na cikin waɗanda ya yi wa tambayoyi, ita ce ma ta fi kowa zagin manhajar bankin.

"Umma, na cire ki daga binciken."

"Ni? Me na yi?"

"Kin fita daga sahu. Kwamfuta ce ta faɗa."

"To, madalla. Kwamfutar ta zuba maka abincin rana."

Da yunwa ya wuni, amma jadawalinsa ya fara kyau.

4. Farauto taurari

A wannan fanni, idan sakamako ya yi ƙarfi, kwamfuta kan sa masa ɗan tauraro a gefe. Ɗaya na nufin a yi haƙuri da kai. Uku na nufin a fara ɗinkin biki. Wayyo, ɗan'uwa! Mawaƙa sun ƙare rayuwarsu suna kallon taurarin sama, ba su san waɗanda ke raba masoya suna ƙasan jadawali ba.

Idan ba su fito ba, canza shekaru. Cire shekarar da aka yi wahala, ka ce ba ta da tarbiyya. Raba wannan da wancan, juya, danna, sake dannawa. Alƙaluma kamar yaro mai taurin kai suke: idan aka daɗe ana tsare su a ɗaki, za su amsa laifin da ba su yi ba. Ranar da ukun suka fito wa Mai Jaka, hoton jadawalin ya tura wa Sanyin Ido. Ta amsa da, "Mene ne wannan kuma?" Ya ce, "Sadakinki ne."

5. Sa wa magana babbar riga

Kada ka rubuta cewa mutane sun fusata. Rubuta cewa an lura da ɗan jinkiri wajen rungumar fasaha. Tsohon malamin nan da ya yi kuka a layi kuwa, "ƙalubalen sauyi" ne. Duk jimlar da kai kanka ka gane a karatu ɗaya, ba ta nuna ba, mayar da ita wuta.

6. Ranar kare kundi

Lemo mai sanyi da abin taɓawa a gaban kowane malami, tun kafin ka buɗe baki. Bakin da ke tauna ba ya tsawaita tambaya. Idan baƙon malamin da aka gayyato ya ce, "Ina tsofaffin suka shiga?" sai ka dafa ƙirji ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya wuce iyakar bincikena, na bar wa masu zuwa." Mai Jaka sau uku yana bar wa masu zuwa. Aka tafa masa.

Gargaɗi

Ni dai sa hannu na yi alkawari, ban ce komai a kan abin da zai biyo baya ba. Idan wani banki ya karanta kundinka ya rufe reshen unguwarku, ba ruwana. Idan mahaifiyarka ta daina amsa gaisuwarka, ku kuka sani. Idan kuma aikin ya yi kyau fiye da kima, kada a nemi gidana.

Don kuwa Mai Jaka ya fito daga zauren kare kundi, ya tarar da mahaifin Sanyin Ido ya zo taya murna, ita kuma tana bayansa tana murmushi a cikin mayafi. Sai ga Farfesa, ya dafa kafaɗar Mai Jaka.

"Alhaji, surukinka ne? Ka yi dace. Ban taɓa ganin ɗalibin da alƙaluma ke yi wa biyayya haka ba. Ba zan sake shi ba, na riga na sa sunansa a digiri na uku. Shekara biyar ce kawai, idan ya yi sauri."

Alhaji ya gyara hula, fuska cike da alfahari.

"Ai ilimi ba a yi masa gaggawa, Farfesa. Na ce sai ya gama karatu, kuma ba na magana biyu. Za mu jira!"