Ranar da Tanimu Ya Hure Iyakilina

A kasa kunne, ya ku ma'abota hankali, ga tarihin sadauki Tanimu ɗan Ilu, Ilun nan da ya taɓa tura motar itace daga bakin rafi har ƙofar gari bai lura birkin hannu a ɗaure yake ba. Ilu ɗan Jatau, wanda ya yi zamani da jakai bai taɓa samun biyayyar ko ɗaya ba. Daga wannan tsatso mai albarka aka sami Tanimu, Barden Tashar Rafin Tsamiya, Garkuwan Masu Lodi, guguwa mai tashi sai an tura, ma'abocin wata 'yar a-kori-kura da ya laƙaba wa suna Giwa, ko da yake 'yan buhuna kaɗan ke sa ta durƙusa.

Daular Tanimu kuwa kan mutum ɗaya ta dogara, wato Hajiya Tabawa mai garin barkono, wadda duk ranar kasuwa yake kwasar mata kaya daga injin niƙa zuwa kasuwar bayan tudu. In ka cire lodin Hajiya, ba abin da ya rage a masarautar sai zaman benci da sauraron rediyon wani.

Ana nan sai annoba ta sauka. Giwa ta kamu da tari, tana hawan tudu tana shessheƙa tana aman baƙin hayaƙi, har rannan, Hajiya na ciki, wata tsohuwa mai tallan kuka ta wuce su a ƙafa, ta waiwayo ta yi musu sannu. Hajiya ta sauko a fusace ta yanke hukunci: "Tanimu, motar nan ta sake yi mini tari a tudun nan, wallahi Cindo zan ba kayana." Cindo kuwa, don a sani, amalanken shanu yake korawa.

Maganar ta soki sadauki har ƙahon zuci. Majalisar yaƙi ta zauna a kan benci, manyan direbobi suka yi ittifaƙi cewa abokin gaba shi ne iyakilina, matatar nan da ke tace iska kafin inji ya shaƙa, wadda rabonta da ganin hasken rana tun Giwa na hannun mai ita na farko. Nan take Tanimu ya ɗaura ɗamara, ya zare sifana daga kube, ya bankaɗe kujerar direba da injin ke ƙarƙashinta, ya yi hujumi a kan murfin matatar, aka yi ta ɗauki-ba-daɗi tsakaninsa da wani ɗan noti mai taurin kai, har jinin sadauki ya zuba, ɗigo guda a bayan yatsa, wanda ya zagaya tasha ya nuna wa kowa. Daga bisani ya zaro abokin gaba ya ɗaga sama: ja wur, ya ƙoshi da garin barkonon shekaru, ya yi nauyi kamar curin daddawa.

To, al'adar direbobin tashar ita ce a kai abin nan can bayan juji, a juya wa iska baya, a kakkaɓe a jikin tsohuwar taya, sannan a miƙa wa mai faci ya hure saura. Amma ina amfanin nasarar da ba a yi ta gaban shaidu ba? Tanimu ya taka da kansa ya gayyato Hajiya, wadda ta fito za ta gidan suna, ta sha kwalli da sabon mayafi. Ya zaunar da ita a sahun gaba, ya fizge tiyon iska daga hannun Sallau mai faci, ya yi kururuwa:

"Hajiya, matso ki gani da idonki! Sallau, ba injin iska wuta!"

Ba a taɓa ganin ɗaiɗaicewar runduna irin ta wannan rana ba. Jan gajimare ya tashi ya lulluɓe tasha, mai shayi ya bar tukunyarsa ya ranta a na kare, 'yan majalisar yaƙi suka watse suna atishawa suna tsine wa shawarar da suka bayar da bakinsu, Sallau ya shige ƙarƙashin wata mota yana kiran sunan mahaifiyarsa. Shi kuwa gwarzo, ido rufe, majina har haɓa, bai saki tiyo ba, yana ta ihu: "Maza, a tsaya! Mun kusa!" Hajiya, da yake ita aka girmama da wurin zama mafi kusa, ita ta kwashi kaso mafi tsoka. Kwalli ya gangaro har wuya, atishawa ta tuge mata ɗankwali, ta buɗe baki ta yi magana abin ya faskara. Yatsa kawai ta ɗaga, ta nuna Tanimu, ta girgiza shi, sannan ta nuna gindin bishiyar da Cindo ke zaune can nesa, shanunsa na tuƙa hankali kwance.

A faɗi gaskiya komai ɗacinta, aiki ya yi kyau, Giwa ta warke sarai. Ranar kasuwa ta haye tudun nan da numfashi ɗaya, ko gyaran murya ba ta yi ba. A tsakiyar hawa Tanimu ya riski amalanken Cindo, Hajiya na zaune bisa buhunanta, idanu har yanzu jajur. Ya danna mata oda, ya ɗaga hannu, ba ta ko waiwayo ba. Giwa ta wuce su kamar walƙiya, don ba ta ɗauke da komai sai Tanimu.