Amosanin Magajiyar Rumbu

A wani daji mai yawan taro da ƙarancin aiki, dabbobi suna da rumbu guda da suke tara abincin shekara. Mai gadinsa wata kyanwa ce, Barmani, wadda ta tashi a gidan mutane, tana kwana kan kujera, uwar gida tana taje mata gashi. Da ta dawo daji aka ga ta san duniya, sai aka naɗa ta Magajiyar Rumbu don ta hana ɓeraye sakat. A al'adar wannan daji kuwa ba a tsayawa a bayan mai sarauta. Ta gaba ake gaishe shi, a fita da baya-baya.

Ana nan, Zabuwa ta je karɓar rabonta na gero, ta ga wani farin abu kamar dusa yana zuba daga jikin Magajiya. Zabuwa dai bakinta ba ya ajiya. Kafin ta isa gida abin ya zama annoba, har an fara faɗin waɗanda ta kashe, alhali suna tsaye ana ba su labarin.

Majalisa ta zauna, Burtu yana shugabanta. Dila, wanda ya naɗa kansa masanin cututtuka, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wannan ciwo na san shi tun kakanni, sunansa ne kawai ya ɓace mini. Maganinsa biyu ne: a kori mai shi daga daji, a banka wa rumbun wuta. Yunwa za a yi, gaskiya ne, amma za a yi ta cikin ƙoshin lafiya."

Fargaba ta kama masu 'ya'ya ƙanana, don babu wanda ya ajiye ko zangarniya a gida.

Aka ba Barmani dama. Ta ce, "Ranka ya daɗe, amosani ne. Fatata ce ta bushe a gindin wutsiya, ƙaiƙayi kuwa ya hana ni sukuni. A gidan da na fito, da an ga haka mataji ake ɗaukowa. A nan kuwa tun da aka naɗa ni babu wanda ya ga bayana, balle ya ce mini ga abin da ke ciki."

Burtu ya ce, "To, Magajiya, ai kyanwa da harshenta take wanka. Lashe wurin mu gani."

Barmani ta juya wuya. Wuya ya tafi rabin hanya ya tsaya. Ta ƙara yunƙurawa, tumbi ya tokare ta, ta mirgina gefe kamar buhun da aka jingina a kan gangare, ƙafafu huɗu a sama. Nan fa aka ga bayan da aka daɗe ba a gani ba: babu gyambo, babu ƙurji, fata ce kawai ta bushe inda harshe ya daina kaiwa.

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka bi. Daɗi ya kama kowa ƙwarai, iyaye suka rungume 'ya'yansu, Zabuwa ta ce ita dama tun farko ta ce amosani ne. Dila ya ce sunan da ya ɓace masa ke nan.

Majalisa ta yanke cewa rumbu ya tsira, Magajiya tana nan kan sarautarta. Aka kafa sabon muƙami na masu lasar bayan Magajiya, da sharaɗin su rufe ido saboda al'ada. Kunkuru ya fara tambayar abin da ya cika wuyan nan haka, tun da kyanwa ba ta cin gero, amma kafin ya gama haɗa maganar an shafa fatiha.

Da yamma ɓeraye suka aiko wa Magajiya da barka da arziki, da ƙwaryar man shanu kamar yadda aka saba.