Madafar Jirgin Ruwa a Tsakiyar Faskari

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta matan unguwarmu ba za su bar ni ba, da ranar da matata Rabi ta dawo daga wankan haihuwarta ta fari. Ni malamin makaranta ne a Faskari. Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne na dam, shi ma daga nesa-nesa, don ban iya iyo ba. Ku riƙe wannan a ranku, zai yi amfani a gaba.

Madafarmu ta da wani ɗan ɗakin ƙasa ne a kusurwar gida. Duwatsun murhu uku, kujera 'yar tsugunno, kwanuka jibge a ƙasa, kuma babu ƙofa. Akuyar maƙwabta ta fi ni sanin lungunanta. Tun muna amarci Rabi take cewa, "Malam, a sa mana ƙofa da 'yar kanta." Ni kuma ina amsawa da in sha Allahu, irin in sha Allahun nan da ku ma kun san inda take ƙarewa.

Ranar da aka zo tafiya da Rabi garinsu Daudawa goyon ciki, Gwaggo ce ta zo da kanta. Ƙanwar mahaifin Rabi ce, ita ta riƙe ta tun tana ƙarama, kuma tun lokacin neman aure ra'ayinta a kaina ɗaya ne: bakina ya fi hannuna aiki. Ta leƙa madafar ta iske akuya ta tura kai cikin kwanon tsaki. Ba ta dube ni ba, don tsakanina da ita akwai kunyar surukuta. Akuyar ta kalla ta yi maganar.

"In na maido ɗiyata na iske wurin ga yadda na bar shi, da ita da abin da Allah ya ba ta zan koma. Ba ni barin mai jego tana dahuwa da akuya."

Na san Gwaggo ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Da hankalina yana jikina, da washegari na kira kafinta, ya sa ƙofa, ya kafa kanta, magana ta ƙare. To amma an bar ni ni kaɗai a gida da waya a hannu, kuma babu abin da ya fi wannan hatsari ga ɗan boko.

Ina neman yadda ake kafa kanta ne na faɗa kan bidiyon wani tsohon Bature da ke zaune da matarsa a cikin ƙaramin jirgin ruwa, irin wanda iska ke turawa da babban ƙyalle. Mutumin nan da hannunsa yake gyara madafar jirgin. Komai na katako ne, yana ta sheƙi. Kowace kanta ya yi mata ɗan shinge a baki, don kada faranti ya zame in igiyar ruwa ta taso. Ya matse wurin ƙwarai, kabad dama kabad hagu, yadda mai girki zai tokare jikinsa kada ya faɗi. Har wata ɗamara ya kafa, wadda matar ke zagaya wa ƙugunta in ruwa ya yi fushi. Amma abin da ya tafi da hankalina shi ne murhun. A rataye yake tsakanin noti biyu, yana lilo. Jirgi ya karkata duk yadda ya ga dama, tukunya tana nan daidai, ko ɗigo ba ya zuba. Na ce a raina, wannan shi ne ilimi. (Ban tsaya na tambayi kaina yaushe rabon gidanmu da ya karkata ba.)

Na sayo katako da filawud, na aro zarto da guduma. Duwatsun murhun nan uku, waɗanda Rabi ta zo da su daga gidansu, na ɗauke su na watsar a bayan katanga, har ina ce musu zamaninku ya wuce. Kullum na taso daga makaranta sai in tuɓe riga in shiga aiki. Babban yatsana na hagu ya sha guduma har farcen ya yi baƙi ya fita, amma ban damu ba, don Baturen ma na ga nasa a naɗe. Na jera kabad dama da hagu, na yi wa kantoci shinge, na kafa tsohon bel ɗina a matsayin ɗamara. Sannan na ƙera akwatin katako, na lulluɓe cikinsa da kwanon rufi, na zaunar da kurfoti a ciki, na rataye shi da noti biyu. Na ɗora butar shayi na tura. Ta yi gaba, ta yi baya, ba ta zubar ba. Wallahi har ƙwalla na ji ta taru mini.

Ban iya riƙe bakina ba, na buga wa Rabi waya na ce ta shirya ganin madafar da babu irinta daga nan har Ƙanƙara. Ita kuma baiwar Allah ta yarda da ni, ta baza wa duk matan gidansu cewa Malam yana yi mata madafa irin ta Turawa, da hannunsa.

Ranar dawowa ta zo a tsakiyar damina. Mota guda ta sauke Gwaggo da Rabi da jaririyarmu da matan Daudawa masu rakiya, direba kuma ya gargaɗe su cewa ana yin la'asar zai juya, don hanyar nan ba a binta da yamma. Yayata Hinde ta riga ta gama miyar kuka a tsakar gida, saura tuwo. Ni kuwa na sha shadda fara, ina ta kaiwa da komowa kamar ango.

Aka ɗunguma kallon madafa. Matan suka yi ta shafa katako suna cewa tubarkalla. Rabi ta daɗe tsaye a bakin wurin da jaririya a kafaɗa, tana duba ƙasa kamar ta yar da wani abu, ba ta ce komai ba. Ni na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana.

Sai hadari ya haɗo, kafin a ankara ruwa ya tsuge. Wutar da Yaya Hinde ta hura a tsakar gida ta mutu, itacen ya jiƙe sharkaf, ga baƙi da yunwa, ga direba yana duban agogo. Gwaggo ta ɗaure zaninta ta ce, "Ai ga sabuwar madahwa. Ku miƙo mani garin, ni zan tuƙa."

Gwaggo mace ce da Allah ya yi wa jiki. Ta doshi tsakanin kabad biyun nan ta gaba, wuri ya ƙi. Ta juya ta shiga a kaikaice, tana jan numfashi. Ta waiwaya neman kujera, babu inda za a ajiye kujera. Sai bel ɗin ya taɓa mata baya.

"Wannan kuma na mi ne?" ta tambayi bango.

Daga bakin ƙofa (ina nufin inda ya kamata ƙofa ta kasance) na ce, "Na ɗaure mai girki ne, Gwaggo, saboda... saboda tsaro."

"To. Ɗiyar tawa za ka riƙa ɗaurewa."

Matan da suka fake a rumfa suka shiga danne dariya.

Da farko abin ya tafi daidai. Gawayi ya kama, ruwa ya tafasa, Gwaggo ta yi talge, tukunya tana zaune a kan murhu tana ɗan rangaji a hankali. Har na fara ɗaga kai. Sai lokacin tuƙi ya yi. Duk wanda ya taɓa ganin ana tuƙa tuwon dawa ya san aikin ƙarfi ne: mace ta zauna, ta tokare tukunya da ƙafa, ta danna muciya da hannu biyu. Dole tukunya ta tsaya cik. Ni kuma na ɓata makonni ina ƙera murhun da babban aikinsa shi ne kada ya tsaya.

Gwaggo ta zuba gari ta tura muciya, tukunya ta gudu gaba. Ta jawo, tukunya ta biyo ta. Ta sake turawa da ƙarfi, tukunyar ta tafi ta dawo tana neman cikinta. Gari ya fara gudaji. (Daga baya na gano ashe murhun Baturen yana da 'yar sakata da ake kulle shi in jirgi ya tsaya. A ƙarshen bidiyon ya nuna ta, ni kuma data ta ƙare mini kafin in kai wurin.)

"A zo a riƙe mani abin ga," in ji Gwaggo.

Wa zai riƙe? Wurin mutum ɗaya na yi, kuma Gwaggo ta cika shi. Hanya ɗaya ta rage, ta ƙarƙashin kanta, kuma a duk gidan ni kaɗai ne siririn da zai iya bi. Haka na durƙusa da farar shaddata na rarrafa, na wuce ta gefen ƙafar surukata, matar da tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, na tsuguna a ƙasan murhu na rungume akwatin da hannu biyu. Zafin gawayi yana dukan fuskata, zufar Gwaggo tana ɗigo mini a hula. Tana tuƙi, ni da murhu muna rawa tare.

Tuwo in ya yi kauri yakan yi tsalle. Wani ɗan guntu ya tashi ya sauka mini a bayan wuya, cikin riga. Ban san lokacin da na saki ba, kuma daidai lokacin Gwaggo ta danna muciya da iya ƙarfinta. Murhu ya tafi can, ya ɗaga, tukunya ta kife a bango. Tuwon baƙi duka ya gangaro ta kan kabad, gawayi ya zubo a kansa yana cuu. Allah ya tsare babu wanda ya ƙone, ban da wuyana da mutuncina.

Dariyar da matan suke dannewa ta ƙwace musu. Ana cikin haka sai ga akuyar maƙwabta ta shigo gudun ruwa, ta raɓa ta gefen Gwaggo kamar gidan ubanta, ta fara lasar tuwon da ya huce a gefe.

A ranar Gwaggo ta fara duban tsakiyar idona. Ina tsugune a ƙasa, ita tana sama da muciya a hannu.

"Malam," ta ce a hankali, "ina ƙohwar?"

Madafar jirgin Bature ba ta da ƙofa. Shi ya sa ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba.

Ta fito a kaikaice yadda ta shiga, ta ce, "Rabi, ɗauko mayahinki." Nan dariyar matan ta ɗauke. Tsoro na ji na gaske. Jaririyar nan ko ɗaukarta ban yi da kyau ba, ga shi za a koma da ita, kuma duk Daudawa za a ce Gwaggo ta faɗa tun farko.

Rabi ba ta motsa ba. Kunya ta cika mata fuska, don ita ta yi ta yabona a gidansu. Ta gyara wa jaririya kwanciya ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, na dawo ke nan." Sannan ta juyo. "Malam, ina ka kai duwatsuna?"

Haka na fita cikin ruwa na zagaya bayan katanga, na kwaso su ɗaya bayan ɗaya, shaddata ta koma kalar laka, matan Daudawa suna ba ni hanya. Aka kafa su a ƙarƙashin rumfa. Busasshen itace kuwa babu shi a gidan sai katakona, don haka da shingen kantoci da guntayen da suka rage aka hura wuta. Sun ci da kyau, ba laifi. Gwaggo ta zauna a kujera ta tokare tukunya da ƙafa, kafin la'asar kowa ya ci ya ƙoshi.

Da mota za ta tashi Gwaggo ta ce su gaida gida, ita tana nan sai ta ga ƙofa da idonta. Ta kuwa zauna. Na ɓalle kabad na hagu na ƙera ƙofa da shi, tana zaune a inuwa tana gaya wa akuya inda na karkace. Har yau ƙofar sai an ɗaga ta take rufuwa, amma tana rufuwa.

Bayan Gwaggo ta tafi ne na yi ƙarfin halin ce wa Rabi ai niyyata mai kyau ce. Ta ce ta sani. Sannan ta ce, "Ka yi makonni kana kallon yadda matar Bature ke dahuwa. Ni tun da na zo gidan nan a gabanka nake yi, ba ka taɓa lura a zaune nake yi ba." Wannan ta fi tuwon zafi, kuma ta fi shi daɗewa a wuyana.

Murhun bai tafi a banza ba. Rabi ta cire kurfotin da kwanon rufin, ta wanke akwatin ta shimfiɗa zani a ciki, ya zama wurin kwanciyar jaririya. Ana turawa sau ɗaya ta yi barci. Matan unguwa har aro suke zuwa yi, kuma in sun aiko sai su ce a gaida Kyaftin. Sunan ya bi ni har makaranta.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in Rabi ta ce a sa ƙusa a bango, nakan ajiye waya in tambaye ta a ina, kuma me za ta rataya. In ta ce ƙusa ɗaya, ɗaya nake sawa.