Sabon Kifin Shugaba Pyo

Duk wanda ya ce Mokpo, garinmu na bakin teku, ba ta da masana, to bai haɗu da Shugaba Pyo Gwang-cheol ba. Shekara da shekaru yana buga hatimi a ofishin ƙaramar hukuma, ranar da ya yi ritaya ilimin teku ya sauko masa gaba ɗaya. Ya kafa Ƙungiyar Masana Hongo, ya tsaya takara shi kaɗai, ya yi nasara da gagarumin rinjaye. A kasuwa Hanci Mai Digiri suke ce masa, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Hongo dai shi ne kifinmu mai faɗi kamar faifai, wanda muke ajiyewa har warinsa ya sa baƙo hawaye, kuma ba a biki sai da shi. Shugaba bai taɓa shiga jirgin masunta ba, don ruwa yana juya masa ciki, amma ba ya barin kowa ya kai loma baki sai ya sha lacca.

"Ku saurara, jahilai. Wannan ba shi da ƙashi, guringuntsi ne zalla. Ƙwai yake yi cikin jaka mai ƙaho huɗu, ba kamar ɗan'uwansa mai dafi a wutsiya ba, da ke haihuwa. Ni da loma ɗaya nake gane jinsi."

Ana nan sai Allah ya ba shi bincike. Namijin hongo yana da 'yan jeloli biyu a gindin wutsiya, alamar mazantakarsa. Shugaba ya lura cewa wanda ake sayar masa siriri ne kamar namiji, amma ba jela ko ɗaya. Sabon jinsi ke nan, mata zalla, masu yin ƙwai ba miji! Nan take ya raɗa masa suna da Latin, da Pyo a ƙarshe, don sunansa ya zauna a littattafai bayan ƙasa ta rufe ido.

Kowa a kasuwa ya san mace ta fi nama da daraja, shi ya sa wasu 'yan tebur ke datse wa namiji jelolin ya wuce a matsayin mace. Ba wanda ya gaya wa Shugaba. Wa zai kori irin wannan mai saye? Gwano kuma ba ya jin warin jikinsa.

Ya gayyato Dakta Ok Hye-rin, masaniyar kifi daga wata jami'a, don ta tabbatar da sunan. Ya kira 'yan jarida, ya sa kwat da lambar girma da ya bayar aka ƙera masa. Sai da ya yi jawabi har shinkafa ta huce, sannan ya yaye mayafin da ke kan kifin.

Dakta ta kifar da kifin, ta duba gindin wutsiya, ta ga tabon wuƙa biyu. Kunya ta kama ta, don mutumin sa'an mahaifinta ne.

"Ranka ya daɗe, wannan namiji ne. Yanke masa aka yi. Ko an san inda guntayen suke?"

"Babu wasu guntaye, yarinya. Haka aka halicce shi."

Matarsa, Bang Sun-rye, tana shigowa da tukunyar miya ta tsinci zancen, ta amsa da zuciya ɗaya.

"Au, 'yan jelolin nan? Ai kullum gyara ake ba ni su in na je ɗauko kifinka, Baban Mi-ran. Su nake sa maka a miyar safe, har kana neman ƙari."